Zana Fuskar Jarumin Fim Daga Hoto: Shawarwari Ga Gidajen Magarya Da Dungas

A ƙasar Magarya da Dungas da wuya a sami gidan da babu mai gwani a cikin ƴan fim. Tun zamanin kaset, lokacin da finafinan Kano ke tsallako iyaka ta wajen Ɓaɓura da Maigatari, har zuwa yau da ake tura su daga waya zuwa waya, fuskokin Ali Nuhu da Rahama Sadau da marigayi Rabilu Musa Ibro sun shiga kowane tsakar gida. A cikin yaran da ke kallon kuwa, akwai waɗanda kallo bai ishe su ba. Ka buɗe bayan littafinsu na lakwal, sai ka tarar an cika shi da idanu da hanci da huluna. Yawancinsu faɗa ake yi musu a kan ɓarnar takarda, daga nan maganar ta mutu, kuma ni ina ganin asara ce babba. Yaron da ya iya kallon fuska har ya fitar da kamanninta ya koyi awo da haƙuri da nutsuwar hannu, waɗannan kuwa su ne jarin mai rubuta allon shago, da mai zanen hula, da mai ƙunshi, da magini. Abin da ke hana zanen yaranmu fita shi ne suna zana abin da ransu yake so, ba abin da idonsu ya gani ba. Shawarwarin nan na mai zanen ne, da kuma iyayen da ke kansa.

1. A fara warware maganar addini. Kafin a sayi fensir, a zauna da maigida, in da hali a je wurin malamin da gidan ya yarda da shi. Zana mai rai ba ƙaramar magana ba ce a Musulunci. Hadisan da suka yi gargaɗi a kai ingantattu ne, malamai kuma sun rabu wajen fahimtarsu. Abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya, wadda yawancinmu muka tashi a kanta, shi ne haramun ne a sassaƙa ko a gina cikakkiyar siffar mai rai wadda ke da inuwa, irin gunki. Wadda aka zana a shimfiɗe kan takarda ko bango kuwa, makaruhi ce. Wasu manyan malamai, irin su Imam Nawawi na Shafi'iyya, ba su bambanta ba, sun hana duka, kuma malamai da dama a yau a kan wannan suke. Yanke hukunci ba nawa ba ne. Abin da nake roƙo shi ne kada yaro ya riƙa zane a ɓoye, kada kuma a yaga masa aikin wata guda a gaban ƙannensa. In gidan ya tsaya a kan hani, hannun bai tashi a banza ba: zayyanar allo tana nan, irin zanen bangon da ya ƙawata gidajen Birni a Damagaram yana nan, ga itatuwa, ga gine-gine, ga rubutun allunan shaguna, kuma yawancin abin da ke ƙasa zai yi masa amfani a can. In kuma an yarda, to kada a rataye zanen a ɗakin da ake salla, balle ta wajen alƙibla.

2. A tsaya a zaɓi hoto. Hoton fosta shi ne mafi wahala ga mai koyo, domin an bi shi da kwamfuta an goge duk wani layi da tabo, fuska ta yi sumul babu tudu babu kwari. Haka ma hotunan da ake sakawa a Instagram da TikTok bayan waya ta gyara fuskar. Nemi wanda haske ya bugi fuska ta gefe ɗaya, ɗaya gefen ya shiga inuwa, kai ya ɗan juya, bai fuskanto ka sak ba. Fuskar ta cika hoton, har in ka buɗa shi da yatsa kana ganin ɗigon haske a ƙwayar ido. Dabara mai kyau ita ce ka tsayar da fim daidai inda kyamara ta matso kusa, ka ɗauki hoton fuskar wayar. Shirye-shirye irin su Labarina da Daɗin Kowa an ɗauke su da kyamarori masu fitar da fuska tangaran. Finafinan kaset kuwa, irin su Sangaya, ko Turmin Danya na 1990 da aka buɗe harkar finafinan Kano da shi, hotonsu dishi-dishi ne, kuma duk abin da hoto bai nuna ba mai zane zai ƙago shi da ka, daga nan kamanni ya gudu. Wannan ya fi shafar masu son zana waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, kamar Ahmad S. Nuhu da ya rasu a 2007, ko Ibro da ya rasu a 2014. A nan sai a tara hotuna uku ko huɗu, a yi aiki da ɗaya, sauran a riƙa leƙa su don gane abin da ya shige duhu. Zanen farko kada ya zama na mai dariya da haƙora a waje, ko mai baƙin tabarau.

3. A fitar da shi a takarda. Fuskar waya tana dushewa, caji yana ƙarewa, yatsa yana taɓawa girman hoton ya sauya. A kai wa masu fotokofi su fitar da shi baƙi da fari a takardar A4, kwafi biyu: ɗaya za a ja masa layuka, ɗaya a bar shi tsaf don kallo. Wanda ke ƙauyukan Washa ko Malawa ya tara hotuna da yawa ya ba mai shiga gari ran kasuwa. In ta WhatsApp za a tura, a tura shi a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoto ta cinye ƙananan abubuwan da ake nema.

4. Kayan aiki ba sa buƙatar a sayar da akuya. Fensirin lakwal mai alamar HB shi ne na jan layin farko. Masu harafin H tauri gare su, ba sa baƙi. Masu B laushi gare su, kuma yadda lambar ke hawa haka baƙin ke ƙaruwa. Wanda ya sami 2B da 4B da 6B a shagunan littattafai na Damagaram ko Kano ya wadatu. Takarda ta zama mai kauri da ɗan kaushi. Mai sheƙi irin ta kalanda ba ta kama fensir.

Wanda bai samu ba, ya yi gawayinsa. A tsinto busassun ƙirare masu kaurin fensir, a ɓare ɓawon, a kakkarya su tsawon yatsa, a jera su tsaye cikin gwangwanin madara mai murfi, a huda murfin da ƙusa. Bayan an sauke tuwon dare sai a tura gwangwanin cikin garwashi, a tattaro wuta a kansa. Farin hayaƙi zai fara tsirtowa ta hujin, wani lokaci har ya kama da ƴar wuta. Idan ya daina, a janye gwangwanin, kuma kada a buɗe sai ya huce sarai, in ba haka ba iska ta shiga su zama toka. Kowane itace da irin baƙinsa. A gwada na bedi da magarya da sabara, a ga wanda ya fi bin hannu. Amma fa waɗanda suka faɗo ake tsinta. Gawon da manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka raya a gonakinsu, har duniya ta san yankin da shi, ba a sara reshensa don zane.

Magogi a yanka shi da reza ya yi baki mai tsini. Cikin burodi mai laushi, in an mulmula shi, yana ɗauke gawayi ba tare da ya ci takarda ba, da shi ma Turawa suke gogewa kafin a san roba. Don shafa inuwa, auduga ce ko takardar da aka naɗe ta yi tsini. Yatsa yana da maiƙo, yana barin tabon da ba ya goguwa, saboda haka a shimfiɗa wata takarda ƙarƙashin hannu.

5. A raba hoton gida-gida. A zagaye fuskar a kan hoton da layi mai faɗin santimita 16 da tsawon 20, sannan a ja layuka tsaye da kwance kowane santimita 2. Za a sami gida 8 a kwance, 10 a tsaye, 80 ke nan, kamar gidajen dara. A kan takardar zane a ja irinsu, adadi ɗaya, amma kowane gida santimita 3: faɗi 24, tsawo 30, wanda ke shiga takardar A3 ba matsi. A sa lambobi a sama, haruffa a gefe, a hoton da takardar duka. Layukan takardar a ja su da ƙyar ake ganinsu, domin za a goge su daga baya.

Daga nan a manta cewa fuska ake zanawa. A ɗauki gida ɗaya, a duba ta ina layi ya shigo shi, ta ina ya fita, a tsakiya ne ko ya fi kusa da kusurwa, a sauke shi haka nan. Wajen ido da baki a sake raba kowane gida huɗu. Akwai masu cewa wannan satar hanya ce, ni ban yarda ba. Masu zanen bangon tsohuwar Masar da layukan nan suke aiki, Albrecht Dürer na Jamus ya bayyana irin wannan dabara a littafinsa, Chuck Close na Amurka kuma, wanda ya rasu a 2021, da ita ya riƙa zana manyan fuskoki daga hoto. Abin da ba na so shi ne ɗora takarda a kan waya ana bin layi, wannan ba ya koya wa ido komai. Gidajen kuwa awo suke koyarwa. Idan hannu ya fara faɗawa sai a ƙara musu girma, a rage yawansu, har a kai ranar da layi biyu da suka gitta juna sun isa.

6. A san ma'aunin kai. Idanu a tsakiyar kai suke, tsakanin ƙoluwa da haɓa, amma kusan kowane mai koyo sama yake kai su, ya cinye goshi. Tsakanin ido da ido akwai faɗin ido guda. Gindin hanci yana kusa da rabin tazarar gira zuwa haɓa. Kunne daga gira yake farawa ya tsaya daidai gindin hanci, in kai a miƙe yake. Wannan ma'aunin kowa ne, kamanni kuwa yana wurin da mutum ya saɓa masa: wani goshinsa ya fi faɗi, wani idanunsa sun fi kusa da juna, wata haɓarta gajera ce. Wurin nan ake farauta.

Mu kuma muna da ƙarin aiki, domin jarumanmu da wuya a gan su kai ba komai. Hula tana ɓoye ƙoluwa, sai mai koyo ya ƙanƙance kan da ke cikinta. A fara zana ƙoƙon kan gaba ɗaya da layi marar nauyi, sannan a kifa masa hular. Bakin hula lanƙwasa yake yi ya zagaye kai, aikin zaren da ke jikinta kuma yana matsewa yayin da ya nufi gefe. Ga mai ɗankwali ko hijabi, babu kunne babu gashi da za su taimaka, gefen mayafin shi ne iyakar fuskar. In ya goce da kaurin tsinke, mace ta zama wata. Ninkin yadi a ɗauki manya uku ko huɗu, a bar sauran.

7. Inuwa ce ke fitar da mutum daga takarda. A fuskar ɗan Adam babu baƙin layin da ya zagaye hanci ko leɓe, wuri mai haske ne ke haɗuwa da wuri mai duhu. Ka ɗan runtse ido kana kallon hoton, ƙananan abubuwa za su ɓace, manyan inuwoyi su bayyana: ƙarƙashin gira, gefen hanci, ƙasan leɓe, wuya. A gefen takarda ka yi ƴan gidaje biyar, daga farin takarda zuwa baƙi ƙirin, duk inda za ka shafa ka tambayi kanka na nawa ne a cikinsu. A fara da marar nauyi a bi fuskar duka, sannan a riƙa ƙarawa sannu a hankali. Ƙara baƙi abu ne mai sauƙi, rage shi ne aiki. Kada a gama ido ɗaya tas alhali sauran fuskar fara ce fat. Ba a gane nauyin inuwa sai an ga maƙwabciyarta.

8. Ido da baki. Farin ido ba fari ba ne, fatar ido tana yi masa inuwa ta sama, kusurwoyinsa kuma sun fi duhu. Wuri ɗaya ne ake barin takarda fara tas, wato ɗigon hasken nan na ƙwayar ido, kuma a idanun biyu gefe ɗaya yake zama. Fatar ido ta sama tana rufe wani yanki na baƙin idon. Wanda ya zana shi zagaye cif zai sami mutum a firgice. Kwalli da jagira a bi yadda suke a hoton, ban da ƙari. A baki, layin da ke tsakanin leɓɓa ya fi gefensu muhimmanci, kuma leɓen sama ya fi na ƙasa duhu in hasken daga sama yake. Haƙora ba a zagaye su ɗaya-ɗaya, a bar su dunƙule guda mai ɗan duhu ta kusurwoyi, a ɗan nuna rabuwarsu ta wajen dasashi. Sai dai in akwai wushirya, ita kam a fitar da ita yadda take. Gemu da saje ma dunƙule ake fara shafa su, ƴan silin gashi a ƙarshe, ta gefe.

9. Kada a yi wa mutum gyaran da bai nema ba. Nan ne yawancin zane ke lalacewa, kuma so ne ke jawowa. Yaro yana ƙaunar jarumarsa, sai ya ƙara mata girman ido, ya siranta hanci, ya goge ƙurji, ya haskaka fata. In ya gama ga kyakkyawar mace a takarda, amma ba ita ba ce. Layin da ke gefen bakin dattijo, da kumburin ƙasan ido, da tsagar gado, da karkacewar murmushi, su ne mutumin. Maganar fata kuwa ta fi ci mini rai. Man bilicin ya riga ya yi mana ɓarna a jikin ƴaƴanmu, kada fensir ma ya koya musu cewa sai an yi fari ake kyau. Baƙi a zana shi baƙi, wankan tarwaɗa a bar shi wankan tarwaɗa.

Baƙar fata ma ai ta fi daɗin zane, domin tana amsa haske. Dubi goshin mutum a inuwar zaure da hantsi: goshi da karan hanci da tudun kumatu suna ɗaukar shuɗi-shuɗin sama, ƙarƙashin haɓa yana ja-ja, in rigar shadda ce fara sai ta mayar da haske a wuya. Wanda zai sa launi ya fitar da hoton mai kala. A haɗa ja da rawaya su ba da ruwan goro, a ɗiga shuɗi kaɗan ya koma ruwan ƙasa, wannan ne tushe. Don duhu a ƙara ja da shuɗi. Baƙi zalla yana kashe fata. Don haske a ƙara rawaya da ɗan fari. Fari kaɗai yana sa fuska ta yi furu-furu. A dama kala huɗu ko biyar a murafen kwalba tun kafin a fara, a shafa kowanne a guntun takarda, a kara shi jikin hoton a gani.

10. Fentin ruwa yana nan a ƙasarmu. Ƙaron dakwara da ake fitarwa Turai shi ne abin da ke riƙe launi a fentin ruwan da ake sayowa da tsada. A ɗebo jar ƙasa da mai rawaya daga ramin ƙasar gini ko wurin masu ginin tukwane, a niƙa a kan dutse, a zuba cikin kwalba da ruwa a girgiza sosai. A ɗan dakata yashi ya kwanta, a tsiyaye ruwan mai launi a wani kwano, a bar shi ya kwana. Da safe a zubar da ruwan sama. Lallausar lakar da ta kwanta ita ce launin. Ƙaro kashi ɗaya a jiƙa shi cikin ruwan ɗumi kashi biyu, a tace da ƙyalle, a riƙa ɗigawa a kan lakar ana murzawa da bayan cokali, a ƙara ɗigon zuma don kada ya tsattsage. Gwajinsa: a shafa a takarda, in ya bushe a murza da yatsa. In ya bi yatsa, ƙaro ya yi kaɗan. In ya yi ƙyalli yana fashewa, ya yi yawa. Ƙasa mai rawaya in aka soya ta a kasko tana komawa ja. Baƙi kuwa kowane almajiri ya san yadda ake haɗa tawada. Shuɗi daga bular wanki, fari daga alli. Ruwan zoɓo da gangamau suna da kyau ranar farko, amma rana tana cinye su, kada a ɗora fuska a kansu.

11. Fentin mai sai babba yana kusa. Shi ne na ƙananan gwangwanaye da ake shafa wa ƙofa, kuma da shi masu allon aski da masu zanen manyan motoci ke aiki. A sami falanki marar kauri wurin kafinta, a goge shi ya yi santsi, a shafa farin fenti sau biyu, ko a ɗaure farin yadin auduga a jikin katako. A Ghana, a shekarun 1980 da 1990, a kan buhun fulawa masu zane suke yin fostocin finafinai don gidajen kallo, yau kuma ana baje su a manyan ɗakunan nune-nune na duniya. M. F. Husain, wanda ya zama ɗaya daga cikin manyan masu zanen Indiya, da allunan tallar finafinai ya fara a Bombay a shekarun 1930.

Sai dai a kula. A yi aikin a fili, ba a ɗakin kwana ba. Wasu fentin mai, musamman rawaya da ja, suna ɗauke da dalma, ita kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar ƙananan yara; kada a lashi burushi, kada a ci abinci sai an wanke hannu da sabulu, kada gwangwanin ya koma na ɗiban ruwa. Kananzir ɗin wanke burushi ba a zuba shi a robar lemo, kuma tsumman da ya sha shi ba ya kwana kusa da murhu.

12. A duba lokaci. Hantsi ya fi, a inuwa, haske yana zuwa ta hagu ga mai aiki da dama. Fitilar waya da dare tana ruɗa ido. Da hunturu ƙura tana manne wa ɗanyen fenti, a jingina allon fuskarsa na kallon bango. Da bazara gumi ne ke ɗiga a takarda. Da damina takarda tana shan danshi ta lanƙwashe, ga kuma aikin gona. Kada a yi gaggawa. Kelvin Okafor, ɗan asalin Najeriya da ke Ingila, wanda ya yi suna da zana fuskokin shahararru da fensir, yakan kai awa 100 a kan zane guda.

13. A gwada shi kafin a ce an gama. Idon da ya daɗe a kan zane yana sabawa da kuskurensa. A nuna zanen ga madubi, karkatar baki ko idon da ya fi ɗan'uwansa hawa za su fito nan take. A juya hoton da zanen duka kai ƙasa a gwama su. A ɗauke shi da waya a kalle shi ƙarami. Sannan a kai wa wanda bai san wa ake zanawa ba.

"Inna, wa kika gani a nan?"

In ta ce, "Kai, ɗan nan, wannan ai Ibro ne!" to an kama hanya. In ta daɗe tana kallo ta ce, "Ya yi kyau, Allah ya yi albarka," to kamanni bai zo ba tukuna, a koma kan awo, yawanci tazarar ido da hanci ce ko faɗin muƙamuƙi. Ku kuma iyaye da yayye, ku faɗi gaskiya ba da dariya ba. "Goshin ya yi gajere" magana ce da yaro zai yi aiki da ita.

14. A ba shi lokacinsa, a nuna masa na gaba da shi. Zane ba zai ci lokacin lakwal ko makarantar allo ko aiken gida ba, amma a yanka masa nasa, ko da Alhamis da Juma'a ne. Ƴaƴa mata kada a bar su baya. Wadda ta iya zana lalle a tafin hannu ta riga ta mallaki nutsuwar da namiji zai daɗe yana nema. Aina Onabolu, wanda ake ɗauka uban zanen zamani a Najeriya, da kwaikwayon hotunan mujallu da littattafai ya koya wa kansa kafin ya tafi karatu Landan a 1920. Namu na gida, Moustapha Alassane, wanda ya rasu a 2015, ta ƙofar zane ya shiga fim, ya zama cikin na farko da suka yi fim ɗin zane mai motsi a Afirka, kuma a 2024 aka sa wa wata babbar cibiyar al'adu a Yamai sunansa. Mai son zurfafawa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana da tsohon sashen koyar da zane. Kafin nan, zama wurin mai rubuta alluna a cikin gari zai koya masa riƙon burushi.

15. Ajiya. Gawayi da fensir mai laushi suna gogewa, a rufe fuskar zanen da farar takarda, a sa tsakanin kwali biyu, a ajiye a akwatin ƙarfe, nesa da ƙasa saboda gara. Feshin gashi na mata yana kama gawayi in an fesa kaɗan daga nesa, amma yana sa takarda ta yi ja da daɗewa. Kada a kai a manne shi da leda a inji, ba ya ɓaruwa kuma. In za a sa gilashi, a yi masa gefe da kwali don kada ya taɓa zanen. A bayan kowanne a rubuta suna da gari da kwanan wata.

16. Mutuncin mai fuskar, da maganar kuɗi. Jarumin nan ɗan wani ne, jarumar nan ƴar wani ce, wataƙila matar wani. Kada a cire mata mayafin da ta sa, kada a zana kowa a yanayin da zai ji kunya. Hoton ma yana da mai shi, wato wanda ya ɗauka ko kamfanin fim ɗin. Zane don koyo ko don bangon ɗaki daban yake da buga ɗaruruwa ana sayarwa, ko ɗora fuskar mutum a allon shago kamar shi ke tallar kayan. Wannan sai da izini, kuma a Nijar hukumar BNDA ce ke kula da haƙƙin masu fasaha. Wanda zai sa aikinsa a Facebook ya ɗauki hotonsa mataki-mataki, domin yanzu waya ma tana mayar da hoto kamar zanen hannu, mutane kuma sun fara shakka.

Kuɗin da za a samu ba a fuskar ƴan fim yake ba. Idan aka ga Ali Nuhu ya fita, sai wani ya kawo hoton mahaifinsa, wata ta kawo na angonta. A nan a duba hoton da kyau kafin a karɓa, in dishi-dishi ne a faɗa tun farko. A lissafa takarda da fenti da katako da kwanakin da aikin zai ci, a karɓi kafin alƙalami da zai sayi kayan, a yanka ranar da za a iya cikawa. Kuma tun a wurin ciniki a faɗa ko da sefa ne ko da naira, tunda a kasuwanninmu na bakin iyaka duka biyun suna yawo, canji kuma yakan motsa kafin fenti ya bushe.